Bayan ciko, sai ciwo: Gyaran haƙori a Kutemeshi da neman likitan da za a amince masa

Tun daga watan Nuwamban 2024, lokacin da Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari ya sake buɗe kasuwar kara bayan sulhun da aka ƙulla da 'yan bindiga, mutanen gabashin masarautar suka fara fitowa da larurorin da suka yi shekaru suna dannewa. Kutemeshi, ɗaya daga cikin mazaɓu 11 na ƙaramar hukumar, wadda ke shiyya ɗaya da Kuyello da Tabanni da Dogon Dawa, ta ga tashin hankali iya gani. A watan Fabrairun 2021 an shiga garin an kashe mutane. Kafin shekarar ta ƙare kuma gwamnati ta dakatar da kasuwannin mako, ta rufe layukan waya, ta hana hawa babur. A irin wannan zama wa zai ratsa daji saboda haƙori? Sai a cusa kanumfari a kogon, a haɗiyi ƙwayar kemis, a ɗaure kai da ɗankwali ko rawani, a jira gari ya waye.

Yanzu da motoci ke bin hanya, masu ciwon haƙori suna fita Birnin Gwari da Funtuwa da Zariya da Kaduna. Amma akwai wani rukuni da ba a cika maganarsu ba, kuma su ne suka fi ba ni tausayi: waɗanda suka riga suka je, suka sayar da buhun masara ko tunkiya suka biya, aka yi masu aiki, sannan ciwon ya dawo. Ciko ya faɗi, ko haƙorin da aka rufe ya fara wari, ko kunci ya kumbura. Irin wannan mutum ya yi asarar kuɗi, ya kuma yi asarar yarda, wadda ta fi wuyar mayarwa. Daga nan sai ka ji yana cewa asibiti ba su iya haƙori ba, ya koma wurin mai tiren haƙora a kasuwa.

Abin da ke sa ciko ya lalace

Abu na farko da ya kamata kowa ya sani shi ne ba duk ciko ne na dindindin ba. Idan kogo ya yi zurfi, likita yakan kankare ruɓar, ya cike da wani farin haɗi mai ƙamshin kanumfari, ya ce a dawo bayan mako biyu ko wata guda. Wannan haɗi aikinsa kawai ya kwantar da jijiya kafin a yi na gaske. To mutumin Kutemeshi ya dawo gida, zafi ya tafi, damina ta kama, ga kuɗin mota, ga noma. Ba zai koma ba. Bayan wasu watanni cikon ya gutsure wurin shan rake ko tauna goro, abinci ya riƙa shiga, ruɓa ta ci gaba daga inda ta tsaya. Laifin a nan rabawa ne. Majinyaci bai koma ba, amma sau da yawa ba wanda ya zaunar da shi ya gaya masa da Hausa cewa aikin bai ƙare ba.

Cikon dindindin ma yana da nasa sharuɗɗan. Farin ciko mai kalar haƙori, wanda ake kira kwamfosit, yana kamawa ne idan wurin ya bushe ƙayau, sannan a haska masa shuɗiyar fitila ya daskare. Yawu kaɗan ya taɓa wurin, ko wuta ta ɗauke injin zuƙar yawu ya tsaya, to cikon zai yi kyau a ido amma bakinsa bai rufe ba, kuma ta wannan 'yar kafa ƙwayoyin cuta za su koma. Wani lokaci kuma cikon ne ya yi tudu, da mutum ya haɗa baki sai ya ji wannan haƙorin ya riga sauran taɓawa. Wannan gyaran 'yan mintuna ne, a goge tudun kawai, amma idan aka bar shi sai haƙorin ya yi ta tsami har mutum ya daina tauna ta ɓangaren.

Ba kowane zafi ne bayan aiki ke nuna an yi kuskure ba. Jin tsami idan an sha ruwan randa mai sanyi, na 'yan kwanaki zuwa mako biyu, abu ne da aka saba. Wanda ba a wasa da shi shi ne zafin da ke zuwa da kansa, yana bugawa, yana hana barci, ko ya daɗe bayan an kurɓi shayi. Wannan alama ce ciwon ya kai jijiya, kuma sabon ciko a sama ba zai yi komai ba. Zaɓi biyu ne: a cire haƙorin, ko a yi aikin jijiya, wato a buɗe shi a fitar da jijiyar da ta lalace, a wanke ramin saiwa, a toshe. Aikin jijiya yakan buƙaci zuwa fiye da sau ɗaya, kuma a nan ne mutanen karkara da yawa ke yankewa a tsakiya, domin tun zama na farko zafin ke ɗaukewa.

Ɗaukewar zafi kuwa ba warkewa ba ce. Jijiya idan ta mutu ba ta ciwo, amma mugunya tana taruwa a gindin saiwa. Idan turmin ƙasa ne, tana iya gangarawa ƙarƙashin haɓa da harshe har ta matse maƙogwaro. Sassan tiyatar baki da muƙamuƙi irin na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika da na Malam Aminu Kano sun san wannan larura sarai, kuma tana kisa. Duk wanda ya ga kumburi ya sauka wuya, baki ya ƙi buɗuwa, haɗiyar yawu ta gagara, ga zazzaɓi, to a ranar za a nemi mota, ba a kwana. Ba a gasa irin wannan kumburi da ruwan zafi, ba a kai wa wanzami ya tsaga.

Haƙorin Makka da na ranar kasuwa

A ƙasar Hausa ba a maganar gyaran haƙori a tsallake haƙorin Makka. Alhaji ko Hajiya sun dawo, an zo barka da sauka, murmushi ɗaya ya isa shaida. Ban ga abin zargi a son wannan ado ba. Damuwata tana ga yadda ake sa shi. Sau da yawa akan goge gefen lafiyayyen haƙori domin kwanson ya shiga, a shafa siminti a danna, cikin 'yan mintuna, ba tare da an auna bakin mutum ba. Kwanson da bai zauna daidai ba yana barin ɗan giɓi a bakin dasashi. Nan tuwo ke maƙalewa, inda asuwaki ba ya kai wa. Ƙarfen yana ta ƙyalli a waje, haƙorin yana ruɓewa a ciki, mai shi ba ya gani, sai ranar da wari ya fito ko dasashi ya fara jini. Yau ma ba sai an je Makka ba, ana sa shi a kasuwannin garuruwanmu, kuma ba duk mai launin zinari ne zinari ba. Wanda ke da shi, idan ya ji yana motsi ko wurin ya yi baƙi, ya je a cire a duba ƙasansa tun haƙorin yana da sauran ƙarfi.

Wanda ya fi wannan muni shi ne haƙorin roba na nan-take. Ku tsaya ku kalli mai wannan sana'a ranar kasuwa. Ya shimfiɗa tabarma, ga tire cike da haƙoran roba manya da ƙanana, ga filaya, ga kwalba biyu. Mai giɓi ya zauna ya buɗe baki. Sai ya zaɓi haƙorin da ya yi kusa da girman giɓin, ya zuba wani gari mai kalar dasashi a murfi, ya ɗiga ruwa mai ƙaurin tsiya, ya cuɗa har ya yi danƙo, ya liƙa haƙorin da shi a jikin na hagu da na dama, ya danne da yatsa har ya ƙame. Mutum ya karɓi madubi ya ga giɓi ya tafi, ya biya yana godiya. Abin da ba a gaya masa ba shi ne wannan roba an yi ta ne don haƙorin da ake cirewa a wanke kowane dare. Da aka liƙe ta, ta danne dasashi, ba hanyar wanke ƙasanta. Bayan wani lokaci dasashin ya kumbura, ƙashin da ke riƙe da maƙwabtan haƙoran ya zaizaye, wanda ya zo da giɓi ɗaya ya koma da uku. Araha ba ta ado. Filayar nan kuma da ta fito daga bakin wani ta shiga na wani bayan an ɗauraye ta a bokiti, hanya ce ta ɗaukar ciwon hanta da ƙanjamau.

Haka masu cewa suna fitar da tsutsar haƙori. Babu tsutsa a cikin haƙori. Ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani suke cin sukarin da ya rage a baki, su fitar da tsami mai narkar da haƙorin. Masu ɗiga ruwan batir ko fetur a kogo, ko ajiye ƙwayar asfirin a jikin dasashi, nama kawai suke ƙonawa.

Maganar zaiba

Da yawa cikin manyanmu da aka yi wa ciko a asibitocin gwamnati shekarun baya, baƙin ciko ne mai kalar ƙarfe a turamensu. Sunansa amalgam, kuma kusan rabinsa zaiba ce, sauran azurfa da kuza da tagulla. Yanzu da waya ta shiga ko'ina, bidiyoyi suna yawo ana cewa wannan ciko shi ne silar ciwon kai da kasala da mantuwa, a gaggauta cire shi. A Amurka da Turai akwai likitocin da suka gina sana'arsu a kan wannan, suna kiran kansu masu duba jiki gaba ɗaya. Wasunsu mutanen kirki ne masu taka-tsantsan, wasu kuma sun wuce gona da iri. Fitacce a cikinsu, Hal Huggins, hukumar jihar Kolorado ta ƙwace lasisinsa a 1996.

Gaskiya ne duniya tana barin amalgam. Yarjejeniyar Minamata ta 2013, wadda ta ɗauki sunan garin Japan da zaibar masana'anta ta nakasa mutanensa, ta nemi a rage amfani da shi, kuma Najeriya ta amince da ita a 2018. A taron ƙasashen yarjejeniyar da aka yi a Bali a 2022 aka ƙara da cewa a daina sa wa yara 'yan ƙasa da shekara 15 da masu juna biyu da masu shayarwa. Tarayyar Turai ta hana shi daga Janairun 2025, sannan a taron Janeba na Nuwamban 2025 ƙasashe suka tsayar da 2034 a matsayin shekarar da za a daina shi baki ɗaya. Babban dalilin shi ne zaibar da ke tsiyaya cikin ruwa da ƙasa da iska. Amma ko hukumar abinci da magunguna ta Amurka, da ta shawarci wasu rukunin mutane a 2020 su guji sabon amalgam, ta ce kada a cire wanda yake zaune lafiya. Wurin fasa shi ne tururin zaibar ya fi fita, kuma duk cirewa tana tafiya da wani ɓangare na lafiyayyen haƙori. Saboda haka hukuncin a bayyane yake: mai juna biyu da yaro su nemi farin ciko, wanda amalgam ɗinsa ya tsage ko ruɓa ta shiga gefensa a sauya masa, wanda nasa ke lafiya ya bar shi.

Idan tsoron zaiba ake yi a ƙasar Birnin Gwari, to ba a baki ya kamata a fara nemanta ba. Wannan ƙasar zinari ce tun zamanin Turawa, kuma matasa da yawa suna ramukan haƙa. A wannan sana'a da zaiba ake kama zinari: a zuba ta cikin ƙasar da aka niƙa aka wanke, a murza da hannu, a matse a tsumma, sannan a ƙona dunƙulen a kan garwashi har zaibar ta tashi ta bar zinarin. Wannan hayaƙin mai ƙonawa ke shaƙa, wani lokaci a tsakar gida, yara na zaune. Alamomin gubarta sun haɗa da rawar hannu, saurin fushi, yawan yawu da kumburin dasashi. Matashin da ke wannan aiki, idan dasashinsa ya fara ciwo, ya gaya wa likita sana'arsa, domin likitan ba zai gane daga kallon baki kawai ba.

Wane ne abin amincewa?

A nan nake ganin akwai gaskiya a maganar duba jiki gaba ɗaya, idan aka raba ta da talla. Likitan haƙori na ƙwarai ba ya fara da filaya, yana fara da tambaya. Zai tambayi ko akwai ciwon suga, domin suga da ciwon dasashi suna ƙara wa juna ƙarfi, kuma raunin mai suga yana jinkirin warkewa. Zai auna jini kafin ya yi allurar kashe zafi. Zai tambayi mace ko tana da juna biyu, ba don ya kore ta ba, domin ana yi wa mai ciki aikin haƙori, musamman a watannin tsakiya, sai don ya san maganin da zai rubuta. Zai tambayi ko akwai sikila, ko mutum yana shan maganin da ke tsinka jini. Ya san cewa wasu magungunan hawan jini da ake yawan bayarwa a asibitocinmu, irin su nifedifin da amlodifin, suna sa dasashi ya yi kauri ya hau kan haƙora. Wanda bai tambaye ka komai ba ya ce buɗe baki, ka yi hattara da shi ko da farar riga ce a jikinsa.

Sai batun takarda. Likitan haƙori a Najeriya yana shekara shida a jami'a, ya yi shekara guda ta sanin makamar aiki, ya yi rajista da Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Ƙasa, MDCN, wadda ke sabunta masa lasisi duk shekara. Ban da shi akwai ma'aikatan da aka horar kan wankin haƙori da ƙananan ayyuka, da kuma masu ƙera haƙorin roba a ɗakin aiki bisa awon da likita ya aiko, kowane rukuni da hukumar da ke yi masa rajista. Mu a al'adarmu muna jin nauyin tambayar mai ilimi shaidarsa. To ba rashin kunya ba ne mutum ya ce, "Likita, don Allah cikon nan na dindindin ne ko sai na dawo? Da me za a cike? Idan ya faɗi yaya za mu yi?" Mai gaskiya zai amsa da sakin fuska, ya rubuta a kati lambar haƙorin da abin da ya sa a ciki. Wannan katin a adana shi tare da takardun gona, domin duk likitan da aka je wurinsa daga baya da shi zai fara.

A kuma dubi kayan aiki. Ƙarafan da za su shiga baki daga tukunyar turara kaya ta asibiti ya kamata su fito, a naɗe ko a rufe, allura sabuwa a ɓare ta a gaban mutum, safar hannu a sauya. Kafin aikin jijiya ko cire turmin da ya kwanta, a ɗauki hoton eksire. Idan kuma aka ce za a cire haƙora da yawa a lokaci ɗaya, ko za a fasa duk tsofaffin ciko, to a nemi jin ta bakin wani likitan a Shika ko Asibitin Barau Dikko da ke Kaduna kafin a yarda. Haƙorin da aka cire ba ya dawowa.

Wanda aikinsa ya lalace, shawarata ya fara komawa inda aka yi masa, da katinsa, ya yi bayani a natse. Ciko yana faɗuwa ko a hannun gwani, kuma likitan kirki zai gyara. Idan aka yi masa wulaƙanci ko aka ɓoye masa abin da aka yi, akwai shugaban asibiti, akwai ma'aikatar lafiya ta jiha, akwai MDCN mai hurumin ladabtar da likita.

Abin da za a iya kawowa Kutemeshi

Duk wannan shawara tana da iyaka idan likita mafi kusa sai an yi tafiyar sa'o'i. Likitocin haƙori a Najeriya 'yan dubbai ne ga mutane sama da miliyan 200, kuma galibinsu suna Legas da Abuja da Ibadan da sauran manyan birane. Ba za a wayi gari a ga ɗaya a kowace mazaɓa ba. Amma akwai hanyar da aka ƙirƙiro daidai da irin wurarenmu. A tsakiyar shekarun 1980, a Tanzaniya, wani likita ɗan ƙasar Holan mai suna Jo Frencken ya fito da dabarar cike haƙori ba tare da inji ko lantarki ba: a kankare ruɓar da ƙananan ƙarafan hannu, a kwaɓa wani siminti da ake kira gilas ayonoma, a cusa, a danne da yatsa. Simintin yana kama haƙori da kansa, yana jure ɗan danshi, yana kuma sakin sinadarin fuloraid mai hana sabuwar ruɓa. Ya fi dacewa da ƙananan koguna, wato kafin ciwo ya kai jijiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta gabatar da dabarar a 1994, sannan a 2021 ta sa wannan siminti a jerin magungunan da bai kamata a rasa ba, tare da makilin mai fuloraid da wani ruwan azurfa da ake ɗigawa a haƙoran yara ya tsayar da ruɓa, duk da yana baƙanta wurin.

Jihar Kaduna tana da tsarin cibiyar lafiya matakin farko guda a kowace daga cikin mazaɓunta 255, kuma Kutemeshi mazaɓa ce. Kayan wannan aiki jaka ɗaya ta ishe su. Abin da ake buƙata shi ne ma'aikacin haƙori mai horo da zai riƙa zuwa cibiyar a rana sananniya, ko da sau biyu a wata, ya cike abin da zai cike, ya duba tsofaffin ciko da haƙoran Makka, ya tura masu babban aiki gaba da takarda a hannu. A bayansa kuma a tabbatar da likitan haƙori na dindindin da kujera mai aiki da na'urar eksire a Asibitin Jibril Mai Gwari, a kuma fayyace wa jama'a da Hausa ayyukan haƙorin da inshorar lafiya ta jiha, KADCHMA, ke biya.

Muna kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kaduna da hukumar kula da lafiya matakin farko da shugabannin ƙaramar hukumar Birnin Gwari su sa lafiyar baki cikin abubuwan da ake mayarwa gabashin masarautar tare da makarantu da kasuwanni. Muna kuma roƙon Mai Martaba Sarkin Birnin Gwari, Malam Zubairu Jibril Mai Gwari II, ya umarci hakimai da dagatai da sarakunan kasuwa su hana masu filaya da robar liƙi taɓa bakin jama'a a kasuwannin ƙasarsa.